Sitikar da na haɗa don a yi dariya ta sa abokiyar aikina tana shirin ajiye aiki

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, ina zaune a Kano da matata da ɗanmu guda. Sana'ata rubuta manhaja, shekarata biyar ke nan a ciki, yanzu ina yi wa wani kamfani da ke Legas aiki daga gida. Aikin nan Malam, sai wanda ya shiga. Kwastoma zai ce maka "ɗan ƙaramin gyara ne, minti biyar," ka kwana uku a kansa. Abu ya yi aiki lafiya lau a kwamfutarka, kana tura shi ga jama'a ya watse. A ɗauke wuta kana tsakiyar mitin, a tashe ka ƙarfe biyun dare wai saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ta faɗi. Abin da ke riƙe da mu shi ne guruf ɗinmu na WhatsApp, mu goma sha ɗaya, inda muke mayar da wahalar abin dariya. Ni ne gwanin haɗa sitika a cikinmu.

Wata uku da suka wuce aka ɗauki wata yarinya da ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba. Ita kaɗai ce mace a sashenmu, aka ce ni zan riƙa duba aikinta. Wata Juma'a da yamma ina sauri zan fita, na ba ta mabuɗin shiga rumbun bayanai na ce ta share wasu tsofaffin bayanan gwaji. Rumbun gwaji da na gaske sunansu kusan ɗaya ne, sai ta share na gaske. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira ni muryarta na rawa ta faɗa min. Muka kwana muna maido da su. Da asuba, don kowa ya ɗan saki jiki, na ɗauki hotonta na haɗa sitika na rubuta "Hajiya Share-Share". Kowa ya yi dariya, ita ma ta turo alamar dariya. Sunan ya bi ta. Yanzu ta fita daga guruf, ba ta tambaya, ba ta magana a mitin. Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce ta nemi a canja mata sashe ko ta ajiye aiki, kuma wai ni ne sanadi.

Ni ma an laƙaba min suna da na fara aiki, shekara guda ana kira na da shi, ban mutu ba. Abokaina sun ce ta cika ɗaukar abu da zafi. A gida kuma matata ta ce da waya nake dariya, ita sai tsaki take samu. Gaskiya ni kaina na gaji, barcina bai wuce awa huɗu ba, in ba don barkwancin nan ba ban san yadda zan yi da aikin ba. Laifina ne? In na ba ta haƙuri ba zan ƙara kambama maganar ba? Ko in daina wasa gaba ɗaya?

Daga wani mai rubuta manhaja, Kano.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe tunda ita ce mai sauƙin amsa: kada ka daina wasa. Mutumin da ke barcin awa huɗu, ga kwastoma ga ɗaukewar wuta, in aka hana shi dariya ma an gama da shi. Kuma barkwancin nan ba ku kuka fara shi ba, tare da sana'ar ya taso. A ranar 9 ga Satumba 1947, masu aiki da wata katafariyar kwamfuta mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka, tawagar da fitacciyar masaniyar kwamfuta Grace Hopper take ciki, sun tarar da wani ɗan ƙwaro mai fiffike ya maƙale a cikin na'urar. Tun kafin lokacin injiniyoyi suna kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro, sai suka ciro shi suka manna a littafin aiki, suka rubuta a ƙasansa cewa yau dai an kama ƙwaro na zahiri. Shafin yana nan ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Kusan shekara tamanin ke nan masu sana'arku suna samun abin raha a tsakiyar wahala.

Na kuma gane abin da ya sa kuke buƙatarsa haka. Birkila in ya dawo gida, ƙurar siminti a jikinsa ta isa shaida. Kai kuwa kana ɗaki ɗaya tun safe, ba gumi ba ƙura. Hajiya ta leƙo ta ga kana ta danne-danne, maƙwabci yana raɗa ko ɗan Yahoo ne, ɗan'uwa ya kawo maka waya mai fasasshen gilashi ka gyara tunda ai kai ɗan kwamfuta ne. Ba wanda za ka gaya wa waƙafi ɗaya da ya ɓace ya cinye maka yini guda ya ji zafin abin, sai wanda ya taɓa ɗanɗanawa. Guruf ɗin nan shi ne majalisarku, kamar yadda teloli suke da tasu a daren jajibirin sallah, ana taka keke ana tsokanar juna, ido ya yi ja, masu kaya na tsaye a bakin shago. Ba na son ka rasa shi.

Amma ka sake duba abubuwan da ka lissafa min kuna yi wa dariya: saba, wutar lantarki, manhajar da ke aiki a kwamfutarka ta ƙi aiki a waje, kwastoman da bai san ana yi ba. A cikinsu babu wanda zai koma ɗaki ya kasa cin abinci. Ranar Asabar ɗin nan da asuba ka ɗauke wasan daga kan na'ura ka ɗora shi a kan mutum, mutumin kuma da ya fi kowa rauni a cikinku a wannan lokacin. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce e, da laifinka. Na yarda ba da mugunta ka yi ba, gajiya ce da son a saki jiki. Kyakkyawar niyyarka za ta sa gyaran ya zo da sauƙi, sai dai ba ta rage mata ko ɗigon abin da ta ji ba.

Mu Hausawa ba baƙin wasa ba ne. Muna da wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Kanawa da Zagezagi, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa. A Nijar al'adar ta yi ƙarfin da a 2014 hukumar UNESCO ta saka ta cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Bafulatani zai kira Babarbare bawansa a tsakiyar kasuwa, a yi dariya, a rabu lafiya. Me ya hana faɗa? Babarbaren yana da cikakken ikon ramawa nan take, har ya ƙara da riba, kuma dukansu sun san maganar ba za ta rage wa kowa matsayi ko abinci ba. Wasa irin wannan a kan daidaito yake tsayawa. Yanzu ɗora yarinyar nan a kan wannan sikeli. Wata uku kacal da fara aiki, ita kaɗai mace a cikin maza goma, ta kwana tana tunanin ko gobe za a sallame ta, kai kuma kai ne mai duba aikinta, wanda oga zai tambaya ko ta cancanci a riƙe ta. Da tana da ikon ramawa, da ta ɗauki hotonka ta rubuta cewa ga wanda ya ba da mabuɗi ya fice. Kai ma ka san ba za ta taɓa iya yin haka ba.

Alamar dariyar da ta turo kada ta ruɗe ka. Mutum goma suna dariya, cikinsu har da na gaba da ita, me kake so ta tura? Labarin zuciya a tambayi fuska, ku kuwa daga gida kuke aiki, ba wanda ya ga fuskarta a daren nan. Amsarta ta gaskiya ta zo daga baya, lokacin da ta fita daga guruf ta daina magana.

Akwai kuma batun hoton, wanda na ga ka wuce shi da sauri. Sitika ba ta zama inda aka haife ta. Duk wanda ya ji daɗinta zai ajiye ta a wayarsa, gobe ya tura a guruf ɗin abokan makaranta, jibi ta faɗa hannun wanda bai san ofishinku ba. Fuskar 'yar mutane ce a kai, da sunan tsokana a ƙasa. Ka san garinmu, ka san abin da yawon hoton budurwa yake jawowa, ka san yadda yayanta ko mai neman aurenta zai ji in ya ci karo da shi. Mai yiwuwa wannan fargabar ta fi sunan kansa ci mata rai. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta haɗa abubuwan nan wuri guda: ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana aibata juna, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Ba don in ɗaure ka da wa'azi na kawo ta ba. Na kawo ta ne don ka ga laƙabi abu ne mai nauyin da har Alƙur'ani ya ambace shi da sunansa.

Ka ce kai ma an yi maka, ba ka mutu ba. Alhamdu lillahi. Amma shekara biyar ke nan, ga shi har yau ka tuna tsawon lokacin da aka ɗauka ana kiran ka da shi, kuma ko a wasiƙar da ba sunanka a ciki ba ka iya rubuta min laƙabin ba. Tambayi kanka tsakaninka da Allah: a shekarar nan, sau nawa ka ga abin da ba ka gane ba ka haɗiye tambayarka don kada a samu sabon abin tsokana? Wanzami ba ya son jarfa, ƙanena.

Yanzu mu ajiye zuciya mu duba abin da ya faru da rumbun. Wa ya ba sabuwar ma'aikaciya mabuɗin da zai iya share bayanan kwastomomi na gaske? Wa ya bar rumbun gwaji da na gaske da suna kusan ɗaya? Wa ya ba da aikin sharewa ranar Juma'a da yamma ya fita ba tare da ya tsaya an yi a gabansa ba? Yatsanta ne ya danna, amma ramin tun kafin ta zo aka haƙa shi, da ba ita ba da wani ne zai faɗa.

Na san ka san labarin GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a shafinsa, amma ka sake kallon sa da idon yau. A daren 31 ga Janairu 2017 wani ƙwararren injiniyansu, wanda ya daɗe yana fama da wata matsala har dare ya yi masa, ya ba da umarnin share bayanai yana zaton a kan saba ta biyu yake, ashe a kan babbar yake. Kafin ya farga ya tsayar, kusan gigabayit 300 sun tafi. Da suka juya ga ajiyarsu ta kwafin bayanai, sai suka tarar hanyoyi biyar da suka tanada don irin wannan rana babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan shi ya cece su, bayanan waɗannan awoyi kuma suka salwanta. Kamfanin bai kori injiniyan ba. Sun nuna aikin maidowar kai tsaye a YouTube, sannan suka fitar da dogon bayani da ya mayar da hankali kan tsarin da ya bari kuskuren mutum ɗaya ya yi wannan ɓarna. Mutumin ba sabon shiga ba ne, gajiya ce da sabobi biyu masu kama da juna, irin abin da ya faru a wurinku. Manyan kamfanoni irin su Google suna bin wannan hanya ta bincike ba tare da neman wanda za a rataya wa laifi ba, dalilinsu kuma na kasuwanci ne: ma'aikacin da ke tsoron a yi masa dariya ɓoye kuskurensa yake yi, kuskuren da aka ɓoye kuwa shi ke kashe kamfani.

Abin da ya fi burge ni a wasiƙarka shi ne minti biyar ɗin nan. Yarinya ta yi ɓarnar da za ta iya raba ta da aikinta, ba ta kashe waya ba, ba ta yi shiru ta bari a gano ran Litinin ba, ta kira ka muryarta na rawa. Wannan kiran ne ya sa kuka gama a dare ɗaya. Abin da ya kamata ta samu da asuba shi ne godiya, sai ta samu sitika. Darasin da kuka koya mata ba tare da kun sani ba shi ne, in ta sake kuskure ta rufe bakinta. Sabon ma'aikacin da ya daina tambaya kuma yana da mabuɗin rumbu a hannu, kai ka fi ni sanin haɗarinsa.

To, ba da haƙuri zai kambama maganar? Maganar da ta kai ga takardar ajiye aiki ta riga ta girma, shirunka ne ke ƙara mata kiba. Ka ba ta haƙuri, kuma ka fara da ita kaɗai kafin jama'a. Tunda mace ce kai kuma magidanci, kuma kai ne na gaba da ita, ka yi shi da rana, a rubuce, ta hanyar da kuke saƙonnin aiki, don kada ta ji an matsa mata ta amsa nan take. Kada ya yi tsawo. Wani abu kamar haka: "Malama wance, sitikar da na yi da hotonki kuskure ne, bai kamata ba, ki yi haƙuri. Ni na ba ki mabuɗin ranar kuma ban tsaya na nuna miki bambancin rumbunan ba, wannan laifina ne. Kiran da kika yi min da wuri shi ya cece mu. Na goge sitikar, zan sa kowa ya goge. Ba sai kin amsa ba." Ka kiyayi kalmomin da ke ɓata ban haƙuri, irin su "in har ranki ya ɓaci", da "wasa ne kawai", da "ni ma an yi min". Duk wanda ka saka a ciki, ka mayar da saƙon kariyar kai. Kada kuma ka nemi ta ce ta yafe. Yafiya tata ce, ta bayar lokacin da ta ga dama.

Bayan nan sai guruf. A gaban mutum goma aka yi abin, a gabansu za a warware shi. Ka rubuta a taƙaice cewa sitikar da ka yi ba daidai ba ce, kana roƙon kowa ya cire ta daga wayarsa, sunan kuma ya mutu daga yau. In kana da hali ka tambaye ta tukuna ko tana son a ambaci sunanta, domin wata za ta fi son a kashe maganar ba tare da an sake nuna ta ba. Abokanka da ke cewa ta cika ɗaukar zafi, kada ka yi faɗa da su. Su ma sun yi dariya, sun kuma riƙa kiran sunan, kare kansu suke yi ta hanyar kare ka. Nemi mutum ɗaya a cikinsu mai hankali ka yi magana da shi kafin ka tura saƙon, don in wani ya turo abin tsokana a samu wanda zai ce a'a ban da kai. Kai ne gwanin sitika, bakinka ake kallo. In ka juya akalar wasan, za su bi.

Juyawar kuwa ba wuya gare ta. Saba tana nan, wuta tana nan, "ɗan ƙaramin gyara" yana nan, ba za ku rasa abin dariya ba har ku yi ritaya. In ana son a yi dariyar kuskuren mutum, to manya su fara da nasu. Ka ba su labarin babbar ɓarnar da ka taɓa yi a shekararka ta farko, na tabbata akwai, sauran tsofaffin hannu su ma su kawo nasu. Irin wannan hira dariyarta ta fi daɗi, kuma sabon shiga da ke sauraro yana fita da nutsuwar cewa waɗanda yake ganin sun ƙware su ma sun taɓa faɗuwa sun tashi.

Sai oga. Ya yi gaskiya da ya ce kana da hannu, amma bai kyauta ba in ya tsaya nan, domin shi ke da alhakin tsarin. Ka koma wurinsa da kanka kafin ya sake kiran ka. Ka faɗa masa ka ba ta haƙuri, sannan ka nemi a rubuta bayanin abin da ya faru ranar Juma'ar, a saka naka kason a fili. Ka tafi da shawarwari a hannu: a canja sunan rumbunan yadda ko mai gyangyaɗi ba zai ruɗe ba, allon na gaske ya zama da launi dabam, sabon ma'aikaci ya fara da mabuɗin karantawa kawai, duk umarnin sharewa sai mutum biyu sun duba, a riƙa gwada maido da ajiya lokaci-lokaci don a tabbatar tana aiki, a kuma daina taɓa abu mai haɗari ranar Juma'a da yamma. In aka ba ita yarinyar wani ɓangare na wannan gyara ta jagoranta, to an mayar mata da mutuncinta ta hanyar da ta fi kowace kalma.

Ka shirya wa yiwuwar cewa duk da haka za ta ce a canja mata sashe, ko a ba ta wani mai duba aiki. In ta zaɓi haka, ka goya mata baya a wurin oga, kada ka ɗauke shi cin fuska. In ma tafiyar ta zaɓa, ka tabbata shaidar da za ka bayar a kanta ta gaskiya ce, har da minti biyar ɗin nan.

Yanzu kai. Jimlar da ta fi tsaya min a rai ita ce inda ka ce in ba don barkwanci ba, ba ka san yadda za ka yi da aikin ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta ce alamominta uku ne: ƙarewar kuzari, da jin zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya riƙa kallon sa da ɗaci da raini, da raguwar ƙwazo. Ta biyun nan ita ce ke shigowa cikin barkwanci ba a lura ba. Wasa ya tashi daga "kai, yau mun sha wuya" ya koma cizo. Hawo saman guruf ɗinku ka karanta sitikokin da ka yi shekara biyu da suka wuce, ka kwatanta da na wata ukun nan. In ka ga sun ƙara kaifi, to gajiyarka ce ke magana. Ka kuma lura da kanka bayan an gama dariya: kana jin an sauke maka wani abu, ko kana ajiye waya nauyin ya dawo yadda yake?

Dariya tana rage raɗaɗi, amma ba ta biyan bashin barci. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kai kana yin huɗu, kuma da wannan ƙwaƙwalwar ka yanke shawarar ba da mabuɗi, da ita ka ga sitikar ta dace. Abubuwan da kuke mayarwa wasa a guruf, da yawansu ƙorafi ne na gaskiya da bai taɓa isa teburin wanda zai iya gyarawa ba. Ka ɗauki mako biyu kana rubuta duk daren da aka tashe ka, da ƙarfe nawa, da dalili, da awa nawa ka yi. Ka kai wa oga takardar, ka nemi a raba tsaron dare bi da bi tsakaninku, wanda ya kwana a ba shi hutun safiya, matsalar da ke yawan tashin mutane kuma a ware lokaci a kashe ta daga tushe. Ku goma sha ɗaya ne, babu dalilin da zai sa mutum ɗaya ya zama kullum wayarsa a kunne ƙarƙashin matashi. In aka ƙi saurare bayan ka kawo hujja, mai shekara biyar a wannan sana'a ba ya rasa inda zai nufa, ka fara dubawa a hankali ba tare da ka saki na hannu ba. In kuma ka samu lokacin barcin amma barcin ya ƙi zuwa, ko ƙunci ya zauna maka makonni, ka ga likita. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Maganar uwargida kuwa, ka riƙe ta da hannu biyu, domin ta faɗa maka gaskiyar da abokai ba za su faɗa ba. Tana jiyo dariyarka ta bayan ƙofa, ta shigo da abinci ta tarar da tsaki. Ba wayar take kishi ba, fara'arka take nema, wadda ta san kana da ita tunda tana jin ana rabawa wasu. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. Ibada ce ma ta shagaltar da Abud Darda'i aka faɗa masa haka, balle saba.

Ba ta cikin wasanku ne saboda ba ka taɓa buɗe mata ƙofarsa ba. Ba sai ta iya rubuta manhaja za ta gane kwastoman da ya ce minti biyar ba. Ce mata kamar mai ɗinki ce aka kawo wa riga an gama, aka ce a ɗan mayar da wuyan baya, za ta riga ka dariya. Ka ware daga magariba zuwa isha'i, waya a wani ɗaki, ku ci abinci tare, ka ɗauki yaron. Daren da kake tsaro ka sanar da ita tun da rana don ta san ba guje mata kake ba. Kuma ka ba ta labarin sitikar nan dukansa, har da mabuɗin. Tambaye ta yadda za ta ji da hotonta ne. Ina kyautata zaton za ta taya ka gyara saƙon ban haƙurin fiye da yadda na yi.

Yau da dare, kafin ka rubuta wa kowa komai, ka fara goge sitikar daga wayarka, don in ka ce mata ka goge ya zama gaskiya ka faɗa. Gobe da hantsi ka tura saƙon. In ta amsa da "na gode" kawai, ya wadatar, kada ka ƙara tura wani. In ba ta amsa ba ma, ka bar ta. Ran Litinin a mitin, in aka zo kan aikin da ka san ta iya, ka kira ta da sunanta na yanka ka tambayi ra'ayinta, sannan ka yi shiru har ta gama magana.